Tambaya: ina kifi yake shiga a rafukan bakin teku idan hunturu ya kama?

Ɗan Yawuri, Charleston

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar kamun kifi. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a kudu maso gabashin Amurka, musamman waɗanda suka san rafukan ruwan gishiri da fadamun da ke bakin teku a Karolina ta Kudu. A bakin Kogin Neja na tashi, kuma tun ina yaro nake jefa fatsa, amma ruwan nan dabam yake da namu, domin sau biyu a rana yake cika ya janye, kuma idan ya janye sai ka tarar rafin da ka sani ya koma laka da tarin kawa mai kaifin ɓawo.

A watannin Satumba da Oktoba ban sha wata wahala ba. Nakan sa jatan lande mai rai a ƙugiya, in jefa kusa da ciyawar fadama idan ruwa ya cika, kuma da wuya in koma gida ban kama jan kifin nan mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya ba, wanda suke kira redifish, ko kuma turawut mai ɗige-ɗige a baya. Tun da aka shiga tsakiyar Disamba kuwa al'amarin ya canja gaba ɗaya. Ruwan ya yi garau har ina hango ƙasa, ƙananan kifayen da ke tsalle a da sun ɓace, ciyawar ta bushe ta yi ja, kuma a wuraren da na saba kamu babu abin da yake taɓa ƙugiyata. Shin kifin ya koma cikin teku ne sai bazara, ko kuwa yana nan ni ne ban san inda yake ba? Idan yana nan, wane lokaci ya fi dacewa, kuma me zan sa masa a ƙugiya? Ina da ƙaramin kwalekwalen roba na mutum ɗaya da nake tuƙawa da filafili. Allah ya saka da alheri.

Basarken Wando

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kifin yana nan bai tafi ko'ina ba, sai dai wanda a watan Oktoba ya bazu a ko'ina cikin fadama, yanzu ya taru wuri guda. Abin da ya fita teku shi ne jatan lande, da manyan redifish da suka isa haihuwa, da kuma filanda, shimfiɗaɗɗen kifin nan mai idanu biyu a gefe ɗaya, wanda yake fita a ƙarshen kaka domin ya yi ƙwai. Matasan redifish kuwa a cikin rafi suke cin hunturunsu, kuma sukan haɗu garke-garke, wani lokaci hamsin, wani lokaci fiye da ɗari a wuri ɗaya. Wannan ne ya sa za ka iya bin rafi mai tsawo ba ka ga ko ɗaya ba, sannan ka sha kwana ka tarar da su jingim a wurin da bai fi faɗin tsakar gida ba. Saboda haka aikin hunturu nema ne da ido kafin jifa, kuma zama a wuri ɗaya ana jira, wanda yake biyan buƙata da kaka, yanzu ɓata lokaci ne.

Dalilai biyu ne suke kai su ruwa mara zurfi. Na farko shi ne ɗumi. A watan Janairu ruwan yankin Charleston yakan sauka zuwa wajen digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, kifi kuwa jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki ne, don haka idan ruwa ya yi sanyi motsinsa yakan ragu, cinsa ma ya ragu. Lakar fadama baƙa ce, idan ruwa ya janye ya bar ta a fili rana ta buge ta, sai ta riƙe zafi, kuma ruwan da ya fara dawowa a kanta yakan fi na tsakiyar kogi ɗumi da digiri ɗaya ko biyu. Wannan ɗan bambanci a wurinmu ba kome ba ne, amma a wurin kifi shi ne abin nema, kamar yadda muke fita shan hantsi da safiyar hunturu a gida. Dalili na biyu shi ne tsoron dolfin, wata babbar dabbar teku mai siffar kifi da ke farautar kifaye. Da sanyi abincin dolfin yakan yi ƙaranci a cikin rafuka, sai ya koma farautar redifish, su kuma su gudu zuwa ruwan da bai kai gwiwa ba, inda jikinsa ba zai shiga ba. Idan ka ga dolfin yana kai da kawowa a bakin wani fili mai laka, ka duba can ciki da kyau.

Game da lokaci, ka bar sammakon da muka saba da shi. Abin da kake nema shi ne ranar da ƙarshen janyewar ruwa ya faɗo da tsakar rana, rana tana haske, iska kuma ba ta da ƙarfi. A Charleston tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ƙafa 5 zuwa 6 ce, wato kusan mita 2, kuma lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kowace rana. Hukumar NOAA, mai kula da harkokin teku da yanayi a Amurka, tana fitar da jadawalin wannan kyauta a intanet, amma mu da muke lissafin watan Musulunci muna da sauƙin ganewa: a kwanakin tsayuwar wata, da kuma wajen 14 da 15 ga wata, ruwa yakan fi cika kuma ya fi janyewa, kuma a nan yankinmu janyewar takan zo ne tsakanin azahar da la'asar. Ka kasance a wurin sa'a biyu kafin ruwa ya gama janyewa, ka zauna har sa'a biyu bayan ya fara dawowa. A wannan tsakanin kifin ba shi da ciyawar da zai shiga ya ɓuya, dole ya tsaya a bakin filin laka ko a gefen tarin kawa.

Garau ɗin da ka ga ruwan ya yi kuwa, sanyi ne ya kashe ƙananan tsirrai da halittun da suke sa shi ya yi duhu a lokacin zafi. Amfaninsa shi ne kana ganin kifi, illarsa kuma shi ma yana ganinka. Ka sayi tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka sa rana a bayanka, amma ka lura kada inuwarka ko ta sandar fatsa ta faɗa kansu. Kada filafili ya bugi jikin kwalekwale, domin ƙara tana tafiya da nisa a cikin ruwa, kuma garke guda yana iya watsewa saboda bugu ɗaya. Alamarsu ita ce duhu-duhu mai motsi a ƙasa, ko ƙurar laka da ta tashi a ruwa mai haske, ko wani ɗan tudun ruwa da ke tafiya a hankali a inda babu iska. Idan ka gan su, kada ka jefa a tsakiyarsu. Ka jefa gabansu da tazarar taku biyu ko uku, ka bar abin ya sauka ƙasa, ka jira su iso. Idan ɗaya ya ci, ka ja shi gefe da sauri domin kada ya firgita sauran.

Ni da kifin roba nake aiki, ɗan ƙarami mai tsawon inci 3 zuwa 4, a kan ƙugiya mai kan dalma da ba ta wuce giram 3 da rabi ba, saboda mai nauyi yana faɗuwa da ƙara. Kamfanin Z-Man na nan yankin Charleston yana yin masu kyau, haka kuma samfurin da ake kira Gulp yana da ƙamshin da ke jawo kifi. Sirrin duka shi ne jinkiri: ka ɗaga kan sanda kaɗan, ka bar shi ya kwanta a laka ka ƙirga biyar, sannan ka sake ɗagawa. Yawancin cin yakan zo ne lokacin da yake kwance.

Malamin Savannah

Assalamu alaikum. Bayanin Malam Basarke daidai ne, kuma na san daga gogewa ya faɗe shi, amma ina ganin ya ɗora wa ɗan'uwanmu hanya mafi wuya tun daga farko. Farautar garke a fili tana buƙatar rana mai haske da iska kwance, kuma irin wannan ranar ba kullum take faɗowa daidai da hutun mai aiki ba. Ban da haka, mutumin da ke zaune a ƙaramin kwalekwale yana ƙasa-ƙasa da ruwa, ba ya hango nesa kamar wanda yake tsaye a kan jirgi. Shawarata ita ce ya fara da ramuka masu zurfi, domin su ba ruwansu da gajimare.

Kowane rafi na fadama yana tafiya ne a karkace, kuma a duk inda ya sha kwana, ruwa yana cin gaɓar waje yana haƙa rami, yana zuba yashi a gaɓar ciki. Za ka iya samun rami mai zurfin mita 2 zuwa 4 a rafin da sauran jikinsa bai kai ƙugu ba. Ruwan ƙasan ramin ba ya saurin canja zafi idan dare ya yi sanyi, shi ya sa turawut yake taruwa a ciki, haka ma redifish a ranakun da filin laka ya yi musu ɗari. Hanyar gano su ita ce ka ware rana guda ka shiga rafin idan ruwa ya janye sosai, ko da ba ka jefa fatsa ba, ka lura da inda ruwa ya rage ya yi duhu, da inda itace ya faɗa, da inda ƙaramar ƙorama take zuba cikin babba. Mu a nan jihar Jojiya janyewar ta fi taku girma, takan kai ƙafa 7 zuwa 9, don haka kome yakan fito fili, amma ko a wajenku za ka ga abin da ya ishe ka. Ka ƙara da ginshiƙan gadoji da na matsayar jiragen ruwa, musamman tsofaffin da kawa ta manne musu. Tsohuwar gadar Pitt Street da ke Mount Pleasant tana kusa da kai, kuma da ƙafa ake zuwa.

A batun abincin ƙugiya ma na ɗan saɓa da shi. Kifin da sanyi ya kama ba ya son bin abu, amma da wuya ya ƙi abin da ya zo gabansa yana wari. Shagunan kayan kamun kifi suna sayar da wani ɗan kifin laka mai tsawon yatsa, wanda yake jure sanyi, kuma yana daɗewa da rai a bokiti. Ka soke shi ta leɓe, ka sauke shi ƙasan rami. Jatan lande na firji ma yana aiki, musamman ga baƙin kifin nan mai gemu a haɓa, ɗan'uwan redifish, wanda yake kiwo a ƙasa da hanci, kuma namansa yana da daɗi idan bai girma sosai ba. A jikin ginshiƙai kuma akwai shifshed, mai ratsin baƙi da fari da haƙora irin na tunkiya, wanda ake kamawa da 'yar ƙaramar ƙaguwar fadama. Shi gwanin satar abinci ne, sai ka sauke zare a miƙe dab da ginshiƙi, yatsanka yana kan zaren, domin cinsa ɗan nauyi ne kawai za ka ji.

Ka yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe idan abinci na gaske za ka sa. Da ita ba a fizga. Idan zare ya miƙe sai ka fara naɗewa a hankali, ita da kanta za ta kama gefen baki, kifin ba zai haɗiye ta ba, kuma sakinsa zai zo da sauƙi. Tsakanin babban zarenka da ƙugiya ka ɗaura kamu biyu na zaren roba garai-garai da ake kira fulorokabon, mai ɗaukar nauyin fam 15 zuwa 20, saboda ba ya fitowa sosai a ruwa mai haske, kuma yana jure gogar kawa. Bayan kowane kifi ka shafa zaren da yatsa, idan ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗauri.

Ɗan Yawuri, Charleston

Na gode ƙwarai, Malam Basarke da Malam na Savannah, Allah ya ƙara sani. Batun lissafin wata ya warware mini abu mai yawa, kuma zan fara da zagayen gano ramuka kamar yadda aka ba ni shawara. Sauran tambaya ɗaya: idan Allah ya sa na faɗa kan taron turawut a rami, nawa doka ta yarda in ɗauka? Na ji wasu suna cewa da sanyi gara a sake shi, ban kuwa fahimci dalili ba.

'Yar Argungu, Beaufort

Assalamu alaikum Yaya. Karatuna a fannin halittun ruwa ne, don haka bari in amsa wannan. Turawut ya fi redifish rauni a gaban sanyi nesa ba kusa ba. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 7 ya zauna a haka kwanaki, kifin yakan sandare, ka gan shi yana yawo a saman ruwa ciki sama ko yana kwance a gefen gaɓa, kuma da yawa ba sa farfaɗowa. Haka ya faru a farkon Janairun 2018, lokacin da dusar ƙanƙara ta sauka a Charleston, sanyin kuma ya ɗauki kwanaki. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Karolina ta Kudu ta roƙi masu kamun kifi su riƙa sakin duk turawut da suka kama har ƙarshen Satumba na wannan shekarar, Karolina ta Arewa kuwa rufe kamunsa ta yi har tsakiyar Yuni. Manufar ita ce waɗanda suka tsira su samu su yi ƙwai da bazara, domin daga gare su ne rafin zai sake cika.

Abin da nake so Yaya ya lura da shi shi ne, taruwar da ta sa kamun hunturu ya yi daɗi ita ce kuma haɗarinsa. Kifin da ke cikin rami ɗaya yana iya zama yawancin kifin wannan rafin baki ɗaya, kuma mutane kaɗan da suka gano wurin suna iya ƙarar da shi cikin 'yan makonni ba tare da sun karya doka ba. Ni ba na hana kowa ɗaukar na miya, amma ina roƙon a tsaya a nan, kuma bayan sanyi mai tsanani a saki duka.

Game da doka, duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisin kamun kifi na ruwan gishiri, ko daga gaɓa yake jifa. Ƙa'idar turawut ita ce kada ya gaza inci 14, kuma kada mutum ya wuce guda 10 a rana. Ga redifish, ƙa'idar da ta kasance a shekarar 2018 ita ce guda 2 ga mutum a rana, 6 ga jirgi, tsawonsa tsakanin inci 15 da 23, wanda ya fi haka ko ya gaza a mayar da shi. Waɗannan ƙa'idoji ana sake duba su lokaci-lokaci, kuma kowace jiha da nata, don haka Yaya ya buɗe shafin hukumar ya tabbatar kafin ya fita, ya kuma riƙe abin awo a kwalekwale. Wajen saki, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifi domin kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a tallafe shi a kwance da hannu biyu, kada a daɗe da shi a iska mai sanyi, sannan a riƙe shi cikin ruwa har sai ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa. Kuma kada a jefa wa dolfin kifi ko ragowar abinci, dokar tarayya ta haramta hakan.

Baban Yara, Houston

Salamu alaikum jama'a. Maganar 'yata daga Beaufort gaskiya ce, mu a Teksas mun gani da idonmu a Fabrairun 2021, lokacin da hukumar jihar ta ƙiyasta cewa sanyi ya kashe kifi aƙalla miliyan 3.8 a gaɓar tekunmu. A nan idan irin wannan sanyi ya zo, akan rufe wasu wurare masu zurfi na ɗan lokaci, saboda can ne kifi yake fakewa.

Abin da zan ƙara shi ne iska, domin ban ga an yi maganarta sosai ba. A wajen Galveston, a nan gaɓar tekun Teksas, cika da janyewar teku kaɗan ce, iska ce take mulki, kuma idan ta arewa ta taso takan kore ruwa daga fadama har wuraren da jirgi yake bi su koma laka. A wajenku ma iskar arewa maso yamma tana sa ruwa ya janye fiye da abin da jadawali ya nuna, kuma ya makara wajen dawowa. Ranar da ta biyo bayan wucewar guguwar sanyi, sama takan yi tas amma kifi ba ya ci. Ka bari kwana biyu ko uku su wuce, yanayi ya fara sassautawa, ko kuma ka fita ranar da ta gabaci zuwan sanyin.

Sannan ɗana, ka kula da ranka, tunda kai kaɗai kake shiga da ƙaramin kwalekwale. Ruwa mai digiri 10 yana kashe ƙarfin hannu cikin kamar minti goma, komai iya iyon mutum, saboda haka rigar ceto a jikinka za ta kasance a ɗaure, ba a bayan kujera ba. Ka guji tufafin auduga domin idan sun jiƙe suna riƙe sanyi, ka sa busassun kaya da waya a jakar da ruwa ba ya shiga. Kada ka taka lakar fadama da niyyar tura kwalekwale, tana iya haɗiye ƙafa har cinya, ɓawon kawar da ke cikinta kuma yana yanka kamar reza, raunin ruwan gishiri kuwa yana saurin ruɓewa idan ba a wanke shi ba. Idan ka shiga ƙaramar ƙorama ruwa yana janyewa, ka riƙa waiwayen hanyar fita, domin idan bakinta ya ƙafe za ka zauna a ciki sa'o'i har ruwa ya dawo, ga shi a Disamba da Janairu magariba tana yi tun wajen ƙarfe biyar da rabi. Lokacin farautar agwagin ruwa ne kuma, akwai maharba a ɓoye cikin ciyawa da sassafe, don haka ka sa hula mai launi mai haske. Kafin ka fita ka gaya wa iyalinka rafin da za ka shiga, da inda za ka ajiye mota, da lokacin da za su sa ran dawowarka.